Duwatsun Mutaru

Duwatsu biyar ne suka ɓace a kan tsaunin Hatta ranar Lahadi da la'asar, kowanne mutum zai iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, kuma saboda ɓacewarsu Abdul-Jalil ya mutu.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wata 'yar ƙungiya ta masu jin Hausa a Dubai, yawancinsu 'yan Zangon Ghana masu gadi da aikin otal, da suka ɗora wa kansu wahalar da babu wanda ya aike su. Duk lokacin sanyi, in mutane sun fita yawon shan iska wani ya maƙale a kan tsauni, su ne ke fara isa kafin jami'an ceto su ƙaraso. Ba albashi, ba inshora, in an yi dace a ce musu an gode. Ƙa'idarsu ita ce wanda ke ƙarshen layi wajen hawa shi zai riƙa tara duwatsu a kowace kwana, wato inda hanya ta karkata, ya fesa wa na sama jan fenti, domin hanyar tsauni in kana saukowa ba ta kama da wadda ka hau. A wannan Lahadin wasu 'yan kasuwar Kano suka fita shan iska, wani Musbahu mai sayen wayoyi ya rabu da mutane don ya ɗauki hoto, ya gurɗe ƙafa a can sama. Mutum uku suka hau ɗauko shi: Abdul-Wahab shugaban ƙungiya, da Abdul-Jalil, sai Mutaru a baya da gwangwanin fenti. Da suka juyo, biyu suna tallafe da Musbahu, Abdul-Jalil ya yi gaba yana duba alamomi. Ya wuce kwana shida lafiya. A ta bakwai, inda hanyar mutane ke karkata hagu, turbar awaki kuma ta miƙe ɗoɗar zuwa bakin rami, bai ga dutse ko ɗaya ba. Rana tana dukan idonsa, ya miƙe.

Mutaru ya rantse da Allah ya ajiye duwatsun. Babu wanda ya gan shi yana ajiyewa.

*

Ɗalhatu, shi ma ɗan ƙungiyar, ba ya wurin ranar. Yana Al Quoz yana lodin kwantena, kuma wannan ya tsaya masa a maƙogwaro, don da yana nan shi ne zai shige gaba. Mutumin Maigatari ne, ya taso yana bin babansa bin sawun shanun sata har cikin Nijar. Shekara tara da suka wuce Alhaji Muhyiddeen, mai kamfanin kargo, ya kawo shi Dubai ya ba shi aiki a sito. Tun daga nan idon da ya saba karanta ƙasa ya koma karanta lambar kwali, sai ranar hutu in an hau tsauni yake tuna ko shi wane ne.

Ranar Litinin da hantsi ya je ta'aziyya Al Muraqqabat, a fulat ɗin da Hawawu ƙanwar mamacin ke zaune da wasu mata biyar. Maza sun cika falo har matakala. Ta'aziyya dai sunanta ta'aziyya, amma shari'a ake yi, kuma kowa alƙali ne.

"Mantawa ya yi kawai," in ji wani Bakano. "Mutum ya taso daga gadin dare ya hau dutse, me kuke jira?"

"Masa, kama bakinka!" wani ɗan Kumasi ya tare shi da "masa", wato maigida a bakin 'yan Ghana. "Yaronku ne ya jawo. Wa ya aike shi can sama? Hoto! Saboda hoto mutum ya mutu!"

"To ku wa ya aike ku? Da kun bar wa hukuma aikinta."

"Da mun bari, da gawar naku ake jira yau."

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Har aka fara raɗe-raɗin cewa an ji Abdul-Wahab da mamacin suna musayar yawu a gindin tsauni kafin su hau.

Alhaji Muhyiddeen ne ya tsawatar. Shi ne kawun Musbahu, shi ya saya wa ƙungiyar igiyoyi da takalma, kuma yana cikin waɗanda suka fita shan iskar, sai dai ya ce shi a wurin motoci ya zauna saboda ƙafarsa. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Khalas, ya isa. Gawa tana kwance a asibiti, ba za a ba mu ita ba sai ƙungiya ta kai bayani a rubuce ranar Laraba da safe: wa aka ba aikin alama, kuma me ya faru. Ɗan Adam ajizi ne. Mutaru ya sa hannu cewa ya manta. In diyya ta hau kansa ni zan biya, tikitinsa na komawa gida ma ni zan saya. Gobe bayan la'asar a haɗu a ofishina a Al Ras, a gama, a yi wa bawan Allah sutura."

Ɗakin ya ɗauka da "Allah Ya saka da alheri, Alhaji." Mutane sun gaji, suna son suna guda su rataya wa abin su huta, kuma ga suna ya samu a sauƙaƙe.

Ɗalhatu zai fita ke nan Hawawu ta tare shi a bakin ƙofa. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Ɗalhatu, yayana ya ce kai ƙasa tana yi maka magana. Ni ba diyya nake so ba. Uwar Mutaru da uwarmu layi ɗaya suke a Zango, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa. In takardar nan ta fita, shi ke nan, har ya mutu shi ne wanda ya kashe Abdul-Jalil. In shi ne, ina so in sani. In ba shi ba ne, ina so in sani."

*

Ya sami Mutaru a bayan ginin, zaune a ƙasa tsakanin motoci, har yanzu da jan fenti a gefen farcensa.

"Faɗa min yadda ka yi."

"Kowace kwana duwatsu uku nake tarawa. Wannan kwanar biyar na tara, don na san halinta. Na fesa fenti. Chale, abokina, na fesa." Ya murza ido. "Ina jin na fesa."

"Kana ji, ko ka sani?"

"Jiya na sani. Wallahi jiya na sani. Amma mutum arba'in sun ce min na manta, kuma dutse ba ya tashi da ƙafarsa. Ban yi barci ba daren Asabar, gaskiya ne. In na rufe ido ina ganin hannuna a kan duwatsun, sai in ce ko kwana ta shida nake gani." Ya ɗago kai. "Zan sa hannu, Ɗalha. Ko don a binne shi."

Ɗalhatu ya tsuguna kusa da shi. Ya sha ganin ɓarawo yana musun sata, amma bai taɓa ganin mutum yana musun abin da idonsa ya gani don jama'a sun fi shi yawa ba.

"Kada ka taɓa biro sai na zo," ya ce.

*

Abdul-Wahab yana bakin aikinsa, gadi a ƙofar wani shagon canjin kuɗi kusa da tashar Al Rigga. Bai ɓoye komai ba, kuma bai yi fara'a ba.

"Mun yi faɗa, ƙwarai. Na ce masa mu jira jami'ai, rana ta yi ƙasa, kuma na gaji da binne lafiyarmu saboda masu takalmin zuwa biki da ke hawa dutse. Ya ce min in mutum yana kuka a sama ba a tambayar irin takalminsa. Na zage shi, ya yi dariya, muka hau."

"An ce a can sama ka bar su, ka ɓace."

"Kwata ɗaya, minti goma sha biyar. Na je neman sabis in kira jami'ai."

"Sama ka yi ko ƙasa?"

Abdul-Wahab ya dube shi har sai da Ɗalhatu ya ji kunya. "Ka je ka tambayi ƙasar taka mana. Shekara goma sha ɗaya muna cin kwano ɗaya da shi."

Ɗalhatu ya tafi bai gamsu ba. Kwata ɗaya ya ishi mai ƙarfin ƙafa ya sauka kwana ta bakwai ya dawo, in ya yi sauri.

*

Musbahu yana kwance a wani masauki a Al Ras, ƙafa a naɗe, kwalayen waya jibge har rufi. Yana ganin Ɗalhatu ya fara kuka, irin kukan da ake yi don kada a yi tambaya.

"Awa nawa ka yi a zaune a can?"

"Kamar uku."

"Daga inda kake, ana hango hanya?"

"Shwaiya, kaɗan... wani wajen."

"Bayan su ukun sun iso gare ka, ka hango wani a ƙasa?"

Musbahu ya juya fuska bango. "Rana ta kashe min ido, Malam Ɗalhatu. Ban ga komai ba. Ni dai na shiga uku, duk inda na juya sai a nuna ni."

"Ban ce kai ka kwashe ba. Mai gurɗaɗɗiyar ƙafa ba ya sauka ya dawo."

"To me kake nema a wurina? Kawu ya ce a bar maganar. Ya ce zai biya komai."

Ɗalhatu ya fito yana tunanin yaron yana rufa wa Abdul-Wahab asiri ne, don shi ya goyo shi rabin hanya. Ya kwana da wannan zato, kuma ya yi kuskure.

*

Ranar Talata ya bi motar safa ta farko zuwa Hatta, ya kama hanyar tsauni rana tana fitowa. Bai tsaya a kwanar ba, ya wuce har sama tukuna. A can ya sami sawun takalmin Abdul-Wahab, mai faci a dunduniyar hagu, ya rabu da na sauran ya hau wani tsiri, ya yi ta zagaye a wuri ɗaya kamar yadda mai neman sabis ke yi, ya dawo. Ko taki ɗaya bai yi ƙasa ba. Ɗalhatu ya nemi gafarar Allah a kan zaton da ya yi masa. Sannan ya zauna daidai inda Musbahu ya zauna, ya duba ƙasa. Kwana ta bakwai tana nan a fili kamar tafin hannu. Yaron ya ga wani abu, kuma ba shugaban ƙungiya ya gani ba.

Ya sauko kwanar, ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa kusa da ƙasa don hasken safiya ya fito masa da komai. An tattake wurin sosai, amma a gefen hagu, jikin wani falalen dutse, sai ga shi: ɗige-ɗigen jan fenti, ƙanana kamar garin barkono, sun zagaye wani ɗan fili da babu ko ɗigo ɗaya a cikinsa. A nan duwatsun suka zauna lokacin da aka fesa.

"Allahu Akbar," ya ce shi kaɗai. "Mutaru, ka ajiye."

Murnar ba ta daɗe ba. In an ajiye, to wani ya kwashe. Ya fara da awaki, don a tsaunin nan sun fi mutane yawa, amma kashinsu na wurin ya bushe tun makon jiya, kuma akuya in ta ture tari watsar da shi take yi, ba ta tafiya da shi. Ba a kuma shure su da ƙafa ba, da an ga inda suka gungura. Ɗaga su aka yi ɗaya bayan ɗaya, a natse. Wane irin mutum ne zai tsaya a bakin rami ya kwashe alamar ceto a natse?

A bakin hanya, inda ba a tattake ba, ya sami rabin sawun takalmi mara igiya, irin na fata da ake sawa da kaftani. Kusa da shi ɗan rami zagayayye, bakin sanda. Sawun ya take na Mutaru, na Abdul-Jalil kuma ya take shi, wato mai shi ya zo bayan an hau, ya tafi kafin a sauko. Ya bi shi. Bai yi wajen rami ba, bai yi ƙasa ba, ya zagaya bayan wani ƙaton dutse, taki ashirin daga hanya, zuwa wani lungu shimfiɗaɗɗe mai laushin ƙasa wanda iska ba ta shiga. Sawun ya je ya dawo sau uku, mai ɗaukar duwatsu bibbiyu da sanda a hammata.

Duwatsun suna nan, duka biyar. Ba a jefar da su ba, ba a ɓoye su ba. An jera su a lanƙwashe suna fuskantar alƙibla, mai jan fentin a tsakiya, kamar yadda matafiya ke yi a bakin hanya daga Daura har Damagaram in lokacin salla ya riske su a daji.

Masallaci ne.

Ɗalhatu ya tsaya kamar an dasa shi. Yana neman mugu, sai ya tarar da mai salla. Ga tafin hannu biyu inda aka bugi ƙasa aka yi taimama. Ga inda aka cire takalmi aka ajiye a hagu. Ga gwiwoyi, ga goshi, kuma goshin ya nutse sosai, mai shi ya daɗe a sujada. Sannan ga sawun ƙafa babu takalmi, biyu a jere. Ya dubi ta hagu, ya dubi ta dama, ya sake duban ta dama. Yatsu huɗu ne. Babu babban yatsa.

Ya zauna daɓas. Ya san ƙafar nan. Shekara biyu da suka wuce, da ciwon suga ya sa aka yanke yatsan, shi ya yi jinyarta kwana goma sha tara, shi yake wanke ta yana naɗe ta. Ya yi ta maimaita innalillahi har bakinsa ya bushe. Ya sake ƙirgawa, ko Allah zai sa ya yi kuskure. Huɗu ne.

Ƙasar tana da laushi. Da tafin hannu ɗaya zai iya share wurin gaba ɗaya, kuma babu mai gani sai awaki. Mutumin nan shi ya fitar da shi daga talauci, shi ya kai uwarsa Makka, bizar da yake zaune da ita ma da sunan kamfaninsa take. Ya ɗaga hannun, har inuwarsa ta faɗa kan sawun. Sai ya tuna da Mutaru a tsakanin motoci yana cewa ina jin na fesa. Ya mayar da hannun aljihu, ya ciro waya, ya ɗauki hotuna. Bai taɓa ko dutse ɗaya ba.

*

Ofishin Alhaji yana hawa na biyu a Al Ras, saman wani shagon kayan ƙamshi. Lokacin da Ɗalhatu ya iso an idar da la'asar, takalma sun cika bakin ƙofa. An ture tebur gefe an zauna a kan kafet. Abdul-Wahab ya naɗe hannu a ƙirji, Musbahu ya miƙe ƙafarsa a lungu, Hawawu da wata ƙawarta suna kusa da ƙofa, sai dattawa kamar goma daga ɓangarorin biyu. Alhaji yana kan kujera, sanye da safa a ƙafa, abin da Ɗalhatu bai taɓa gani ba a ofishin nan.

Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji. "Ranka ya daɗe, daga Hatta nake."

Carbin da ke hannun Alhaji ya tsaya. Ɗalhatu ya jira, yana roƙon Allah a zuciyarsa dattijon ya yi magana da kansa. Carbin ya ci gaba da tafiya.

"Sannu da hanya. Zauna. Yalla, maza a ba Mutaru takardar."

Aka miƙa wa Mutaru takarda da biro. Ya ɗora ta a gwiwa, ya cire murfin biron.

"Dakata," in ji Ɗalhatu. "Kafin ka sa hannu ka ga wannan."

Ya miƙa masa wayar. Mutaru ya ƙura wa zoben jan fentin ido, bai gane ba da farko, sai da Ɗalhatu ya yi bayani. Daga nan ya ɗago kai.

"Na ajiye," ya ce. "Jama'a, na ajiye! Ashe ban haukace ba!"

Ɗakin ya rikice. Wani ya miƙe yana nuna Abdul-Wahab, wani yana nuna Musbahu. Ɗalhatu ya ɗaga murya, abin da ba halinsa ba.

"Ba Abdul-Wahab ba ne, sawunsa sama ya yi, kuma ina neman afuwarsa a gaban kowa don ni ma na zarge shi. Ba awaki ba ne. Kuma wanda ya kwashe duwatsun bai kwashe su don ya kashe kowa ba. Mutum ne da aka ce ya zauna a ƙasa, hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya biyo baya da sanda. Ya kai kwana ta bakwai ƙafa ta gaza masa, la'asar ta yi. Ya ga duwatsu a tare, daidai hannu, ya kwashe ya yi masallaci. Ya yi taimama, ya yi sallarsa, ya daɗe a sujada, ina jin wani yake yi wa addu'a. Ya gama ya sa takalminsa ya sauka."

Ya buɗe hoto na gaba, na sawun ƙafar, ya miƙa wa dattijon da ke damansa. Wayar ta fara zagaya ɗakin. Duk wanda ta je hannunsa sai ya duba, ya ƙara kusanto da ita, ya miƙa gaba ba tare da ya ɗaga kai ba. Babu wanda bai taɓa yin alwala kusa da wannan ƙafa ba. Da ta je hannun Musbahu bai ma duba ba, ya fashe da kuka.

"Na hango farar riga," ya ce. "Tun daga sama na hango. Kawu, ka yafe ni, na kasa..."

Wayar ta ƙare a hannun Hawawu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta taso, ta ratsa tsakiyar maza, ta ajiye ta a kan gwiwar Alhaji, ta koma ta tsaya.

Alhaji Muhyiddeen bai dubi hoton ba. Ya sunkuya da ƙyar, ya zare safar ƙafar dama, ya ajiye ƙafar a kan kafet kowa yana gani. Wani dattijo ya ce "La'ilaha illallahu" da ƙarfi, ya rufe fuska da hularsa.

"Na zaci wasan Turawa ne," in ji Alhaji. "Ko'ina ka je a tsaunin nan sai ka ga sun ɗora dutse kan dutse suna hoto. Ni na sayi igiyoyin, ni na sayi fentin ma, amma ban taɓa tambayar me ake yi da shi ba. Ɗan ƙanwata yana sama, na kasa zama. Addu'a na yi Allah Ya sauko da su lafiya. Ina isa wurin motoci na ji ihu. Da aka sauko da Mutaru yana ta cewa ina duwatsuna, ina duwatsuna, a nan na gane. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga mutane, sai na ce bari a natsu tukuna. Da aka natsu kuma an riga an ce shi ne."

"Shi ya sa za ka biya diyya," in ji Abdul-Wahab. "Mu kuma muna ta sa maka albarka."

"Na ɗauka in na biya komai, babu wanda ya yi asara."

Mutaru yana zaune da biro a hannu, yana kallon mutumin da jiya ya durƙusa ya yi wa godiya a gaban jama'a.

Abdul-Wahab ya zare takardar daga gwiwar Mutaru, ya yaga ta biyu, ya ɗauko sabuwa a kan tebur. "Za a rubuta abin da ya faru. Ni ma sunana zai shiga, don ni ne shugaba kuma ban taɓa tara mutane na gaya musu ma'anar duwatsun ba. Alhaji, za ka sa hannu?"

"Zan sa."

Ɗalhatu ya sunkuyar da kai. Ya san aikinsa a sito ya ƙare, ko an kore shi ko ba a kore shi ba, don ba zai iya sake haɗa ido da dattijon ba. Bai ji daɗin komai ba, bai kuma yi nadama ba.

"Baba Alhaji," Hawawu ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juyo gare ta. "Duwatsun na yafe. Salla ka yi, ba ka sani ba, kuma kwanan yayana ne ya ƙare. Tambaya ɗaya gare ni, ka amsa min tsakaninka da Allah. Da Ɗalhatu bai hau dutsen nan yau ba, ka ga biro a hannun Mutaru, za ka hana shi?"

Wani dattijo ya yi gyaran murya zai shiga tsakani, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya dubi Mutaru, ya dubi Hawawu, hawaye suna bin gemunsa. Kowa a ɗakin yana jira ya ce zai hana, kuma da ya faɗa da an karɓa, don kowa yana so ya ji haka.

"A'a, 'yata," ya ce. "Da na bar shi ya sa."

Hawawu ta gyaɗa kai. Ta je ta karɓi biron daga hannun Mutaru, ta miƙa wa Alhaji, ta tsaya a kansa har ya gama rubuta sunansa.